Baffa Yero Mai Kiwon Kifi

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baffa Yero ruwa ya san abin da zai biyo baya. Ba zai kai baki ba sai ya tsoma yatsa. Kofi ne, buta ce, randa ce, shi dai sai ya zura manuninsa na dama, ya lumshe ido kamar mai sauraron labaran rediyo, can ya girgiza kai ya ce, "Bai yi ba tukuna." Ranar sunan ɗana na fari, a gaban surukaina da suka zo daga Babura, aka ajiye ƙaton bokitin zoɓo mai ƙanƙara. Kafin in yunƙura Baffa ya riga ya naɗe hannun riga. Ya tsoma, ya yi jim, ya ce, "To, wannan ya kusa." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Surukaina kuwa mutanen kirki ne, suka shanye zoɓon nan tas, ba wanda ya ce uffan.

Sanyin ruwa yake aunawa, ba wani abu ba. Ga waɗanda ba su san mafarin abin ba, bari in koma baya kaɗan.

Baffa Yero yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu Fulani ne, asalin rugarmu tana cikin kwarin da dam ɗin Kazaure ya shanye. Da ruwa ya ci makiyaya, kakanmu ya kora shanunsa ya koma wajen Roni. Baffa yana saurayi a lokacin, abin ya ƙona masa rai, ya bi motar shanu zuwa Legas, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Shekara goma sha huɗu! Har an fara maganar yi masa sadaka, sai ga shi ya sauko daga mota da wata jibgegiyar rigar sanyi mai ƙarnin kifi, da ƙunshin zaren fatsa, da tsagi a manuninsa inda zare ya ci nama ya zauna.

Wai aikin ƙarfi ya samu a jirgin ruwa, jirgi ya yi ta tafiya da shi har Muritaniya, inda hamada take gangarowa ta faɗa teku. Wai ruwan can in ka sa hannu sai haƙoranka su amsa. Wai kuma a can, a tsakiyar sanyi, suke kama wani jan kifi.

"Ja wur kamar barkono," in ji shi, "ga haƙora irin na kare. Idan sanyi ya kankama sai ya bar sama ya sauka can ƙasa wurin duwatsu, manyan su taru wuri ɗaya. Ba ya wawurar ƙugiya fa. Taɓa ta yake yi kaɗan, kamar baƙo mai jin kunyar akushi. In yatsanka yana barci, ka dawo gida hannu rabbana."

Wa zai yarda? Bafulatanin Roni, da teku, da jan kifi? Ya dai koma kiwo don ya faranta wa kakanmu, ya yi aure, ya aurar da 'ya'yansa. Sai da ya kai shekarun da sa'o'insa suke shimfiɗa buzu a ƙofar masallaci suna jan carbi, sannan ya sayar da bijimi, ya kama gida a Kazaure kusa da ruwa, ya sayi kwalekwale. Abin da ya fi ɗaure wa kowa kai, da damina da bazara kwalekwalen nan yana kife a inuwa. Sai sanyi ya shigo, lokacin da masunta suke cewa kifi ya rufe baki, suna zaune bakin wuta suna gyaran koma, sannan Baffa zai saɓa filafilinsa na tuƙa kwalekwale ya nufi ruwa. Ya wuni, ya dawo ba ko ƙaya.

"Baffa, ina jan kifin?" matasan mashiga, wato bakin ruwa inda ake ajiye kwalekwale, su ce, suna ƙunshe dariya.

"Yana teku. Ya ce in gaishe ka."

Babban masuntan mashigar nan Tanko ne, wani dogo mai dogayen hannuwa, mai son tsokana. Wata rana ya ce, "To Baffa, shi jan kifin nan, yaya daɗinsa a miya?"

Baffa ya dube shi sheƙeƙe. "Ina na sani? Ni Bafulatani ne, me zai haɗa ni da cin kifi?"

"Ikon Allah! Shekara goma sha huɗu a teku me kake ci?"

"Shinkafa da madarar gwangwani."

Kuma gaskiya ya faɗa. Har ya koma ga Allah kifi bai taɓa wuce leɓensa ba. Fura da nono yake shiga ruwa da su a ɗan gora.

Matarsa, Inna Tumba, ita ta fi kowa shan fama. Akwai shekarar da buhun dusar awakinta ya riƙa ramewa ba dalili. Ta zargi ɓeraye, har ta aro kyanwa a maƙwabta. Kyanwa ta yi mako biyu tana ƙiba da nono, dusa na ci gaba da tafiya. Wata safiya ta zagaya bayan rumbu, sai ta tarar da Baffa a tsugune yana kwaɓa dusa da laka, yana mulmulawa curi-curi yana jerawa a kwando.

"Malam! Ashe kai ne ɓeran?"

"Dabbobina zan kai wa."

"Waɗanne dabbobi kuma? Ga awaki can suna kuka!"

"Na ruwa. Su Tanko farauta suke yi, ni kuwa kiwo nake. Lakar ita ke kai musu abincin har ƙasa."

Inna ta riƙe haɓa. "To madalla da makiyayi. Yaushe za mu ga nonon?"

"Bai yi ba tukuna."

Amma abin da ya sa dangi suka fara cewa kan Baffa ya taɓu, maganar giginya ce. A gonar wani Malam Sule da ke bakin dam akwai wata tsohuwar giginya, doguwa, ita kaɗai a tsaye. Malam Sule ya tashi yin ɗaki, ya kira masu sara za a yi azara da ita. Labari ya kai kunnen Baffa yana tsakiyar alwala. Ƙafa ɗaya a wanke ɗaya a bushe ya isa gonar, ya jingina bayansa da giginya, ya tokare sandarsa a ƙasa.

"Baba Yero, lafiya?" in ji Malam Sule.

"Lafiya lau. Inuwa nake sha."

"Giginya tana da inuwa ne? Ka matsa, Baba, sara za a yi."

"Ku sara mana. Ku fara ta nan," ya nuna ƙugunsa.

Kwana uku yana kai kansa gindin giginyar nan tun da sassafe, masu gatari suna zuwa suna komawa. A rana ta huɗu ya jawo karsana, ja, lafiyayya, wadda kowa a gidanmu yake ji da ita, ya damƙa wa Malam Sule igiyar. Sharaɗi ɗaya: gona ta Sule ce, 'ya'yan giginya na Sule ne, amma ba mai sa mata ƙarfe. Da mahaifina ya ji, sai da ya zauna a ƙasa. "Karsana guda! A kan itacen da ke gonar wani!" Aka tambayi Baffa dalili, ya ce shi dai yana son ganinta a tsaye.

Ana nan, a sanyin wata shekara, santsi ya kwashe shi a mashiga ya faɗa ruwa. Ya fito yana cewa ba komai, dama yana son ya auna da jikinsa duka. Kwana biyu ciwon haƙarƙari ya kama shi, muka yi mako uku muna jinya a asibiti. A lokacin ya haura saba'in. Da sanyi ya sake zagayowa, mahaifina ya tara mu a zauren Baffa, aka kira Tanko ya zama shaida.

"Hamma," in ji mahaifina, haka yake kiran yayansa, "don girman Allah ka rufa mana asiri. Ka bar ruwan nan. Shekara nawa kana shiga, ko ɗan tsaki ba ka taɓa fitowa da shi ba. Mutane suna cewa..."

"Faɗi mana, Buba. Suna cewa ƙarya nake. Ban je teku ba, ban ga jan kifi ba."

Ba wanda ya ɗaga kai. A nan na gane abin ya wuce maganar kwalekwale. In aka raba shi da shi a haka, to an buga hatimi ke nan cewa tsohon nan ya ƙare rayuwarsa yana shara ƙarya, kuma da sunan za a binne shi.

Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya. Kafin sanyin shekarar ya fita, Baffa zai kawo mashiga kifin da ya kama da fatsa, wanda ya kai tsawon hannun Tanko daga kafaɗa zuwa yatsa. In ya kawo, ba mai sake yi masa magana. In bai kawo ba, ya miƙa filafili. Ba zan ɓoye muku ba, ni na kawo shawarar hannun Tanko, don na duba zauren ban ga hannun da ya fi shi tsawo ba. So nake Baffa ya faɗi. Ina ƙaunarsa, kuma na gaji da zaman asibiti.

Baffa ya dube ni ya ce, "Madalla, ma'aikaci. Tunda kai ka iya awo, da kai za mu shiga."

Ni da ko a kududdufi ban taɓa iyo ba! Shekarata arba'in da ɗoriya, ga tumbi, aikina zama a kujerar ofis.

Sanyi ya yi ta tafiya, Baffa bai motsa ba. Kullum da safe ya gangara mashiga, ya tsoma yatsa, ya ce bai yi ba tukuna, ya shiga ya zuba dusarsa ya dawo. Su Tanko suka fara cewa tsoho yana neman hanyar zillewa. Ni ma har na fara sakin jiki. Sai wata Asabar, mun fito daga sallar asuba, sanyin da ko ruwan buta ba ka son taɓawa, na tarar da shi a ƙofar gidana cikin rigar nan tasa ta Muritaniya, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Ya yi. Tashi mu tafi."

Na saka riga uku, na ɗaura jarkoki biyu marasa komai a ƙugu saboda tsaro. Da muka isa mashiga rana tana ɓullowa, tururi yana tashi a kan ruwa. Masunta suka bar wutarsu suka taso kallona. Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, manja za ka sayo mana a tsallake?" Ni dai bakina yana kan addu'a.

Baffa ya yi ta tuƙi har muka yi nisa, amma ba gabansa yake kallo ba, gaɓa yake waiwaye. Ya matsa dama, ya dawo hagu, can ya daka min tsawa.

"Kai, ma'aikaci, sunkuyar da kan nan naka, ka tare min giginya!"

Na sunkuya, na waiga. Ga giginyar Malam Sule can nesa, ta tsaya daidai tsagar dutsen da ke bayanta, ta rufe ta ruf. Ya juya ɗaya gefen, ya saita wata kuka da bakin wani tudu, sannan ya saki dutsen da ya ɗaure da igiya. Igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har na zaci ba za ta tsaya ba.

"Haka mutanen teku suke yi," ya ce. "Ruwa ba ya riƙe sawu, sai ka nemi alama a tudu. Ka san inda muke?"

"A tsakiyar halaka, Baffa."

"A kan mashayar shanun kakanka muke. Nan ƙarƙashinmu akwai gurbi mai zurfi a gindin falalen dutse, ko da bazara ba ya ƙafewa. Ina yaro in na tsaya a bakinsa, giginyar can ita ke rufe min tsagar dutse. Su Tanko bayan ruwa ya ci wurin suka zo, samansa kawai suka sani. Ni na taka ƙasan da ƙafata."

Karsanar nan ja ta faɗo min a rai, kunya ta kama ni.

Ya fito da kayan aiki, in dai za a kira su kaya. Maimakon dalma, tsohon fulogin babur ya ɗaura wa zaren don ya nutse, irin waɗanda yake tsinta a wurin bakanike. Ya yanki naman karfasa ɗan mitsitsi, bai fi farce ba, ya soka a ƙugiya, wai a sanyi kifi ba ya son babbar loma. Ya zura zaren, ya ɗora shi a cikin tsagin yatsan nan, ya lumshe ido.

Muka zauna. Hantsi ya yi, muna zaune. Ƙafafuna suka mutu. Na yi atishawa, ya buɗe ido ɗaya ya ce in zan sake yi in sauka in yi a waje. Ya sha furarsa da hannun hagu, na dama ko motsi. Rana ta kusa tsakiya, na fara tsara kalmomin da zan lallashe shi da su a hanyar komawa, sai na ga leɓensa yana motsi.

"Sannu da zuwa," ya ce a hankali. "Ci mana, ba kowa."

Ni ban ga komai ba, zaren ko girgiza bai yi ba. Ya ƙara saki kaɗan, ya jira, ya jira, sannan ya fizga. Jama'a! Kwalekwale ya juya kamar an ja shi da mota. Na rungume jarkokina ina salati da ƙarfi. Tsohon da muka ɗauko daga gadon asibiti bara ya tokare ƙafa, in kifi ya ja ya sakar masa, in ya tsaya ya jawo, yana yi masa irin maganar da ake yi wa bijimi mai gardama. Zare ya buɗe tsohon tabon, jini yana bin hannunsa, ko a jikinsa. Da abin ya taso sama na ga kai kamar turmi, ga gashin baki zaƙo-zaƙo. Ragon ruwa ne, irin wanda ban taɓa gani ba ko a kasuwa. Da ƙyar muka mirgino shi ciki mu biyu.

Ina haki ina dariya, hawaye na zuba. Sai na ga Baffa ya zare ƙugiya, ya shafa bayan kifin, ya tallabo shi zai mayar ruwa.

"Baffa! Me za ka yi?"

"Gida zai koma mana. Ai ka gani, kai ne shaida."

Na faɗa kan kifin nan da tumbina da jarkokina. "Wallahi ba inda za shi! Wa zai yarda da ni? Ni ɗanka ne!"

"Af. To ai haka nake yi duk shekara. Na kama waɗanda suka fi wannan."

"Duk shekara? Shi ne ba ka taɓa kawo ko ɗaya an gani ba?"

"Wa ya tambaye ni? Jan kifi suke tambaya, shi kuwa yana teku."

Haka muka dawo, ina kwance a kan kifi, Baffa yana tuƙi yana umartata in riƙa yayyafa masa ruwa kada ya wahala. Kafin mu iso mashiga ta cika, har mahaifina an kirawo shi. Tanko ya durƙusa ya shimfiɗa hannunsa a jikin kifin, daga kafaɗa zuwa yatsa, sai ga wutsiya ta wuce da taƙi guda. Ya cire hularsa ya ce, "Baffa, mun tuba. A ina?"

Baffa bai kula shi ba, ƙanensa ya duba. "Buba, ka tuna gurbin da ke gindin falalen dutse? Inda saniyar Innarmu ta taɓa maƙalewa?"

Mahaifina ya dubi ruwan, ya dubi giginya. Sannan ya juyo wurin yayansa. "Can kake zuwa, Hamma? Duk shekarun nan?"

"To ina zan je?"

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, ban taɓa jin alfahari da wani mutum kamar yadda na ji da tsohon nan a wannan tsayuwar ba, yana tsaye cikin rigarsa mai ƙarni, jini yana ɗiga daga yatsansa. Ana cikin haka ya sunkuya, ya tura kifin cikin ruwa a gaban kowa. Tanko ya ɗora hannu a ka. "Wayyo Baffa! Romon unguwa guda!" Baffa ya ce in yana so ya bi shi, ai ya ga hanyar da ya bi.

Sanyi uku ya ƙara yi yana shiga ruwa, ba mai ce masa kanzil. Yaran da suke tambayarsa jan kifi su ne suka koma rige-rigen tura masa kwalekwale. A sanyi na huɗu, wata safiya na raka shi mashiga, ya tsoma yatsa kamar kullum. Ya daɗe. Ya fitar, ya duba shi, ya sake tsomawa. Sannan ya ce min, ba tare da ya dube ni ba, "Ban ji komai ba, Sani. Yatsan ya yi barci." Ranar ce kaɗai na ji ya kira ni da sunana.

Da kansa ya kira Tanko ya miƙa masa filafili. Ya nuna masa giginya da tsagar dutse, da kuka da bakin tudu. Ya ce ba a jefa koma a wurin, fatsa kawai, a sanyi kawai, kuma ƙanana a mayar da su su girma. Tanko ya karɓa da hannu biyu, a durƙushe. Ba wanda ya ƙwace wa Baffa kwalekwalensa, shi ya bayar ranar da ya ga dama. Kafin damina ta faɗi ya rasu, a ɗakinsa, Inna Tumba tana gefensa.

Yau in kun je mashiga da sanyi za ku ji masunta suna cewa za su Mashayar Yero, kuma za ku ga wani ya tsuguna ya tsoma yatsa kafin ya tura kwalekwale. Giginyar tana nan a tsaye. Bara wani ya zo da gatari yana tambayar mai ita, masunta goma sha suka taso masa, bai tsaya ɗaukar hularsa ba.

Allah Ya jiƙan Baffa Yero, Ya yafe masa, Ya yafe mana mu da muka yi shakkar maganarsa. Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Amin.